Rufin Aji Huɗu

Malama ta ajiye fayil a kan teburin akawun ƙaramar hukuma, karo na biyar cikin wata biyu, ta ja kujera tun ba a ce ta zauna ba. Ita ce shugabar firamaren da ke bayan tasha, wadda iska ta yaye wa rufin aji huɗu tun bara. Yara ɗari da goma ne cunkushe a ɗaki ɗaya, jarrabawa saura mako uku, ga damina ta kawo kai.

Akawu, dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya leƙo ta saman gilashin.

"Malama, kin karya kumallo kuwa? Wannan fuska ai ta yaƙi ce."

"Baba, yau ko a ba ni takarda, ko a ba ni tabarma in tare a nan."

Ya yi murmushi, ya jawo wani babban littafi. "Kin san abin da ya shigo shi ke fita. Mun yi kasafi a kan harajin kasuwa da na tasha, sai ga shi rabi da ɗan ɗori kawai ya shigo. Jiya manya suka zauna. Abu biyu suka rage a gabansu, sabuwar motar darakta da rufinki, kuɗin kuwa na ɗaya ne."

Ta tuna iyayen da ta yi wa alkawari, ta tuna yarinyar da ta suma don zafi ranar Talata. Ta miƙe tana gyara mayafi.

"To, a gaida motar."

"Zauna mana, 'yata! Ke ba kya bari mutum ya kai aya? Motar aka ce ta jira baɗi. Darakta ya ce ba zai shiga tasha neman haraji a sabuwar mota ba, alhali direbobi na hango makarantar 'ya'yansu ba rufi."

Ya turo mata takarda mai hatimi. Ta karanta sau biyu, ta kuma bi sifilin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin dariya ta kufce mata har da ƙwalla. Tun a bakin ƙofa ta buga wa kafinta waya, ta ce ya nemo kwano da ƙusa, Litinin za a hau sama.

A hanyar komawa, masu karɓar haraji suka tare bas ɗin da ta shiga. Direba ya hau sababi, fasinjoji suka taya shi, kowa na tsine wa gwamnati. Malama ta buɗe baki za ta sa nata, kamar yadda ta saba. Sai ta fasa, ta taɓa kafaɗar kujerar direba.

"Direba, don Allah biya su. Ka kuma karɓi rasit."