Jar Bakwai a Zauren Alhaji

Shekara biyu na yi ina koyon ɓoye katin karta a tafin hannu. A waya na gani, na nace, kullum idan ɗinki ya lafa a shagona na Yakasai sai in tsaya gaban madubin gwajin kaya ina maimaitawa. Ban taɓa yin caca ba, burgewa kawai nake so.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ranar wata Juma'a a majalisarmu na sa Ilu mai shayi ya zaɓi kati, ya mayar cikin sauran, sannan na zaro masa shi daga aljihunsa. Ilu ya zabura yana a'uziyya. Kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, a lokacin da sauro ya cika gari, amma wa ya tuna da sauro? Kafin mako ya zagayo an ce Mikail tela yana aiki da aljanu.

Maganar ta isa unguwar Sheshe, gidan Alhaji Abdulbaƙi mahaifin budurwata Zuhra, daidai lokacin da yake bincike a kaina kafin a sa mana rana. Ya aiko in zo bayan la'asar, in taho da kartar.

Tsoro ya kama ni sosai. A ƙofar zaure, ban ma san na yi ba, hannuna ya zare jar bakwai daga cikin kartar ya maƙale ta a tafin hagu, kamar yadda na saba shiryawa kafin kowane wasa.

Na tsuguna na gaishe shi. Sai ga dattijon nan ya miƙo mini hannu, abin da bai taɓa yi ba. Na ba shi na dama, na tallafe da na hagu, kaina a ƙasa.

"Mikail, an ce kana sihiri," in ji shi. "Ni ba na yanke hukunci da ji. Nuna mini."

"Wallahi Baba dabarar hannu ce kawai."

"To in gani."

Na baza katunan, na tura masa wata jar bakwai ɗin, tagwaiyar ta hannuna, ta yadda zai ga kamar shi ya zaɓa. Ya duba, ya mayar, ya gauraya da kansa. Na miƙa hannu na zaro ta daga ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai. Fuskarsa ta canza, ya janye ƙafarsa, leɓɓansa suka fara motsi da addu'a. Na yi wasan da kyau, kuma kyawunsa ne zai hallaka ni.

"Baba bari in sake a hankali."

Na sake, gumi ya jiƙe tafina. A tsakiyar wasan katin ya suɓuce ya faɗi a kan tabarma. Ban taɓa murna da kuskure irin na ranar ba. Na tono ɗaya jar bakwai ɗin daga cikin katunan na jera su biyu a gabansa, na nuna masa yadda tafi ke riƙe kati ba a gani.

Ya ɗauki katin yana juyawa. "Lallai ba sihiri ba ne. Zan faɗa wa mutane." Na saki ajiyar zuciya. Sai ya ce, "Yaushe ka sa ta a hannunka?"

Da na iya ƙarya da baki kamar yadda na iya da yatsu, da na tsira.

"Tun a ƙofa, Baba."

"Har lokacin da na ba ka hannu?"

Na gyaɗa kai. Ya dubi tafinsa na dama ya daɗe, sannan ya tattara katunan ya miƙo mini da ladabi, kamar baƙo.

"Ka gaida gida. Za mu neme ka."

Duk ɗan Kano ya san abin da wannan ke nufi: maganar aure ta rushe. Ina saka takalmi na ji muryar Zuhra daga tsakar gida, tana tambayar ko a kawo wa baƙo ruwa.