Sanda ta Goma Sha Biyar

Tsarki ya tabbata ga Wanda yake bai wa bawa ƙarfi, sa'an nan Ya karɓe shi kaɗan-kaɗan, ta yadda bawan ba zai farga ba sai ranar da ya nema ya rasa. Safiyo, tsohon ma'aikacin awon filaye, ya nemi nasa ya rasa ne a rami na bakwai na filin golf, inda wani rafi ya gitta a gaban wurin bugun farko. Shekara talatin yana tsallake rafin nan da sanda guda, doguwar sandar ƙarfe mai siririn kai, wadda take tura ƙwallo ƙasa-ƙasa kamar kibiya. Da ya cika saba'in da uku sai ƙwallon ta fara sarewa a hanya, ta faɗa ruwa tsundum, ya tsaya yana kallon inda ta nutse.

A da su huɗu suke fita. Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗaya 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa wani gari, na ukun kuwa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, har ba ya gane mai gaishe shi. Sai Safiyo ya koma fita shi kaɗai, yana jan keken jakarsa a kan raɓa. Al'adar filin ita ce mai wasa shi kaɗai ya kauce wa duk ayarin da ya cim masa. Don haka rabin safiyarsa a gindin bishiya take ƙarewa, yana ɗaga wa masu wucewa hannu, suna amsawa ba tare da sun katse hirarsu ba. Katin makinsa ma ba mai sa masa hannu, domin shaida sai da mutum na biyu.

Wata safiya mai tsara fitar 'yan wasa ya kira shi gefe. "Baba, akwai gurbi a ayarin Talata. Alƙali ne da Kyaftin da Mai-Magani, na huɗunsu gwiwa ta ajiye shi. Sukan gwada mutum zagaye ɗaya, in ya yi musu su riƙe shi. Amma in faɗa maka gaskiya, ba sa son mai ciyar da kifin rami na bakwai."

Safiyo ya yi murmushi, maganar kuwa ta soke shi. Ba kofi yake nema ba, ba suna ba. Abin da yake so shi ne a ce masa bugu ya yi kyau, ko a yi masa dariya in ya ɓata.

Washegari ya je wurin Koci a filin gwaji. Koci ya jera masa sanduna uku a kan ciyawa.

"Wannan irin taka ce, Baba, ta ƙarfe. Ba ta tsoron iska, amma ba ta yafiya. Tana son hannu mai sauri, kai kuwa hannunka ya yi ritaya tare da kai. Wannan mai ƙaton kan, ita ake kira katako, ko da yake yanzu ba katako a jikinta. Tana ɗaga ƙwallo sama, tana kai ta nesa, sai dai doguwa ce, kuma in ciyawa ta yi kauri sai ta yi maka gardama. Wannan ta tsakiyar kuwa ruwa-biyu ce, uwa katako, uba ƙarfe. Ko ka kuskure tsakiyarta tana rufa maka asiri."

"Ita ce muke kira sandar tsofaffi," in ji Safiyo.

"To, Baba, jarirai nake sayar wa?"

Ya gwada katakon, ta yi masa tsawo, sau biyu yana haƙar ƙasa. Ya gwada ruwa-biyu, ƙwallo goma, takwas suka tashi suka sauka bayan alamar da Koci ya ce nan ne faɗin rafin. Koci ya ce ya tafi da ita ya gwada a fili, amma ya tuna doka: sanda goma sha huɗu ake ɗauka, in wata ta shiga sai wata ta fita.

A gida ya jingina jakar a bangon falo, inda ba motsin kowa sai na agogo. Ya zaro ta ƙarfen, ya shafa mariƙinta da yatsunsa suka lotsa, ya mayar. Ya sake zarowa bayan La'asar, ya sake mayarwa. Ya ce a ransa sai ranar Talata, a bakin mota, zai cire ta. Ɗan Adam kuwa, abin da ya ɗage wa gobe shi mantuwa take fara ci.

Ranar Talata aka raba su biyu-biyu, wanda ya fi cin ramuka shi ya yi nasara. Aka haɗa shi da Mai-Magani, wani gajere mai saurin baki, wanda bai iya shan kaye ba.

"Malam Safiyo, ni ba na ɗaukar kaya," ya ce masa tun a ramin farko. "In za ka nutse, nutse kai kaɗai."

Kyaftin ya ce, "Rabu da shi, Malam. Shekara tara yana faɗin haka, mu ne muke ɗauke da shi."

Safiyo ya ji dariya ta kuɓuce masa, har ya yi mamakin jin muryarsa. Suka ci gaba, ana ci ana ramawa, har suka iso na bakwai suna gaba da rami ɗaya. Ya yi bisimilla a ɓoye, ya zaro ruwa-biyu, ya buga. Ƙwallon ta tashi sama fiye da yadda ya saba gani, ta haye rafin da tazara, ta gangara kusa da tutar ramin.

"Kai! Ashe tsohon nan da sauransa!" in ji Mai-Magani, yana dukan kafaɗarsa. Suka ci ramin, suka zama gaba da biyu.

A hanyar rami na takwas ne Safiyo ya tsaya gyara jakarsa, ya ga sanduna biyu sun cushe a gurbi ɗaya. Ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa daga ɗaya gefen. Goma sha biyar. Ta ƙarfen tana nan a tsaye, bai taɓa ta ba ko sau ɗaya a ranar.

Su ukun suna gaba, suna gardama a kan iska. Ba wanda ya gani, ba kuma wanda zai gani, domin dattawa ba sa leƙa jakar juna. Ya san hukuncin: za a zare wa ɓangarensu rami biyu, shi da abokinsa duka. Ya kuma san irin mutumin da aka haɗa shi da shi. Zuciya ta raya masa cewa sandar da ba a buga da ita ba ba ta cuci kowa ba, kuma in ya yi magana, gindin bishiya yana jiransa. Amma mutum ne da ya yi shekara arba'in yana kafa turakun iyaka a dajin da ba mai ganinsa sai Mahaliccinsa, bai taɓa gusar da turke taki ɗaya ba. Wannan wasa kuwa a kan amana aka gina shi, kowa shi ne mai kai ƙarar kansa.

"Ranka ya daɗe," ya kira Alƙali. "Ina da sanda goma sha biyar."

Suka juyo. Mai-Magani ya riƙe ƙugu. "Wa ya tambaye ka? Wa ya aike ka lissafi a tsakiyar wasa? Ka buga da ita?"

"Ban buga ba."

"To, mene ne?"

"Doka ba ta ce bugawa ba, ta ce ɗauka," in ji Alƙali a hankali. "Rami biyu sun tafi, mun koma kunnen doki. Malam, sai ka fitar da ɗaya daga wasa, mu shaida."

Safiyo ya dubi sandunan biyu. Ya zaro ta ƙarfen, ya juya ta, kai ƙasa mariƙi sama, ya mayar cikin jaka, kamar yadda ake yi wa sandar da aka sallama.

Daga nan Mai-Magani bai ƙara ce masa uffan ba. Rami goma sha ɗaya suka yi a haka, kowa yana tafiya a nasa gefen ciyawar. A na ƙarshe aka cinye su da rami ɗaya tak.

Alƙali ya ce wa Safiyo ya ɗan jira a baranda, za su yi shawara. Ya zauna a kan benci, yana jiyo muryar Mai-Magani tana tashi tana sauka ta bayan gilashi. Da rana ta karkata ya yi alwala a famfon wanke takalma, ya shimfiɗa tawul ɗinsa a kan ciyawa, ya yi Azahar. Bai roƙi gurbin ba, ya ji kunyar roƙonsa. Ya roƙi kada ya yi nadamar abin da ya faɗa.

Da ya sallame, ya ga Mai-Magani tsaye a bayansa, yana kaɗa makullin mota.

"Talata, bakwai da rabi," ya ce, bai dube shi ba. "Ni ban yarda ba, rinjayata aka yi. Kuma wai da ni za a sake haɗa ka, don bakina ya yi yawa. Ka zo da wuri, ni zan ƙirga sandunan nan da hannuna."

Ya juya ya tafi. Safiyo ya yi hamdala, ya naɗe tawul ɗin. A cikin mota ya ɗauko waya ya kira 'yarsa, wadda take aure a nesa, don ya ba ta labari.

"Baba, lafiya dai? Ina wurin aiki."

"Lafiya lau, uwata. Dama wata 'yar magana ce."

"To, bari in tashi, zan kira ka."

Ya ce Allah Ya yi mata albarka, ya ajiye wayar a kujerar gefe, ya tada mota.