Rufin Ɗakin Malama

Silin ɗin ya faɗo ne daidai lokacin da Inna ta tashi ɗauko tabaraunta. Taku uku ta yi daga bakin gado ta ji ƙara a bayanta, kamar an yar da buhu. Da ta waiwaya, sai ga ɓangaren silin mai faɗin tabarma kwance a kan matashinta, ya jiƙe sharkaf, baƙin ruwa na tsiyaya daga ramin da ya bari.

Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta shigo a guje da bokiti a hannu. Tun da hadari ya haɗo da la'asar ta rufe shagonta na ɗinki ta taho, don ta san halin gidan.

"Inna! Bai same ki ba?"

"Da ya same ni ai da ba ki tarar da ni a tsaye ba. Ajiye bokitin nan, wannan ramin ya fi ƙarfinsa. Ɗauko baho."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana duban matashin da mahaifiyarta ke ɗora kai.

Shekarar Inna saba'in da huɗu. Talatin daga ciki ta yi su ne da alli a hannu a makarantar firamare, shi ya sa har yau unguwar ba ta san ta da wani suna ba sai Malama. Ita da marigayi mijinta suka gina gidan, ɗaki bayan ɗaki, tun wurin yana fili. Kwanon da suka rufa tun wancan lokaci shi ne har yanzu a sama, ya yi ja da tsatsa. Sau huɗu ana yi masa faci da kwalta, kowane faci kuma da zarar ya toshe wuri ɗaya sai ruwa ya nemi wata hanya. Tun daminar bara tari ya kama Inna, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ya ƙi tafiya.

Da ruwa ya tsagaita, Auta ta fita tsakar gida ta kira yayanta a waya.

* * *

Yaya, babban ɗan Inna, ya zo ranar Asabar da hantsi. Ya gaishe ta a falo kamar yadda ya saba, ya ajiye mata leda ta kayan shayi, sannan ya fito tsakar gida inda Auta ke riƙe wa wani kafinta da ta kira tsani.

Kafintan ya sauko yana kakkaɓe hannu. Mutum ne mai furfura a gemu, amma a ajin Inna ya koyi karatu, kuma har yau in zai yi mata magana sai ya cire hula. Ya miƙa wa Yaya wani guntun katako. Yaya ya matsa shi da yatsa, ya ruguje kamar busasshen burodi.

"Gara ta gama da shi," in ji kafinta. "Ba kwanon kaɗai ba ne, abin da ke riƙe da kwanon ma ya tafi. In ka ce faci, zan yi maka faci, aikina ne. Amma ba zan ɓoye maka ba, ba zai ga ƙarshen daminar nan ba."

"In sabo ne fa?" Auta ta tambaya.

"In aka sa katako mai kyau da kwano mai kauri, shekara talatin ba wanda zai sake hawa saman nan sai mai gyaran eriya."

Yaya ya yi wata gajeriyar dariya. Ba mugu ba ne. Ma'aikacin ofis ne mai yara biyar a makaranta, kuma ya daɗe da koyon auna komai kafin ya taɓa aljihu.

"Shekara talatin," ya ce. "Ke Auta, mu faɗa wa juna gaskiya. Dillali ya zo mini sau biyu. Masu son gidan nan fili suke so, rushewa za su yi su gina shaguna. Ko zinariya kika rufa a sama, ba za su ƙara ko sisi ba. Zuba ruwa ne a rariya."

"To Inna fa?"

"Akwai ɗaki a bayan gidana. A share mata, ta koma can."

"Ɗakin da kake ajiye janareta?"

"Za a fitar da shi mana." Ya rage murya, amma bai rage ta sosai ba. "Ki yi tunani da hankali. Tsohuwa ce. Shekara nawa ta rage mata da za a yi mata rufin shekara talatin?"

Kafinta ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar tsani. Daga nan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In rushewa za a yi, kana da gaskiya, ƙusa ɗaya ma asara ce. In kuma mutum ne zai kwana a ciki, wannan wani lissafin ne daban. Ni dai a lissafi Malama ta sha ba ni sifili, ban iya ba."

Tagar falon a buɗe take. Ba wanda ya lura sai da suka ji tari daga ciki.

* * *

Inna ba ta tayar da maganar ba har Yaya ya tafi. Ta ma raka shi da addu'a, ta ce ya gaishe mata da jikoki. Sai da ƙarar motarsa ta ɓace ta kira Auta, ta nuna mata kujera.

"Na ji tambayar yayanki," ta ce. "Tambaya ce mai kyau. Da ɗalibi ne da na ce ya zo allo ya nuna mini yadda zai samo amsar."

"Inna, ki yi haƙuri, bai san kina ji ba."

"Shi ya sa na ce mai kyau ce, daga zuci ta fito." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa. "Ranar da na kai shi aji ɗaya, ban tambayi kowa ko zai rayu ya biya ni ba. Yaro ne mai yawan ciwo, rabin shekara a kwance. Na dai saya masa jaka."

Auta ta matso da kujerarta kusa da ita.

"Ba zan koma ɗakin janareta ba," Inna ta ci gaba. "Ba don girman kai ba. A nan in na buɗe ƙofa, akwai mai ce mini Malama ina kwana. A can ni kaya ce da aka ajiye. Ina da ɗan abin da na tara na fansho, na ɓoye shi don ranar da za a kai ni, kada in ɗora wa kowa nauyi. Ɗauko shi. Gara ya rufa mini asiri ina numfashi."

Abin da Inna ta tara bai kai rabi ba. Auta ta kwana biyu tana juya maganar. Ƙarshen watan nan ne za ta biya kuɗin hayar shagonta na shekara, shagon da ta yi shekara shida tana tara masu kawo ɗinki a cikinsa, a bakin titi inda kowa ke gani. Ta gaya wa mijinta tana so ta saki shagon ta sa kuɗin a rufin. Ya ce, "Mai son ɗinkinki zai bi ki ko cikin lungu ne. Amma ki sani, watannin farko za ki ji a jikinki."

Ranar Litinin ta mayar wa mai shago makullinsa. Aka ɗauko keken ɗinki da teburin yanka a bayan a-kori-kura, aka sauke su a ɗakin gaba na gidan Inna. Duk da haka kuɗin bai isa gidan duka ba. Kafinta ya ce a fara da ɓangaren Inna da ɗakin gaba, sauran a ja masa tampol, Allah ya kawo yadda za a yi.

Auta ta aika wa Yaya saƙo ta gaya masa. Bai ba da amsa ba.

* * *

Ranar da aka yaye kwanon, rana ta fito tas. Kafinta da abokan aikinsa biyu suka hau tun da safe, kafin azahar ɗakin Inna ya zama ba shi da rufi sai sararin sama. Ita kuma an kai mata kujera ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, tana ba da umarnin da ba wanda ya nema.

A lokacin ne Yaya ya shigo, fuskarsa a ɗaure. Ya zo ne ya yi wa Auta faɗa a kan shagon da ta saki. Ya tambayi inda take, aka ce tana ɗakin Inna tana kwashe kaya. Ya nufi can.

A bakin ƙofa ya tsaya. Sai a lokacin ya tuna rabonsa da shiga ɗakin nan tun rasuwar mahaifinsu. Kullum a falo yake zama, falo kuma shi ne Inna ke sharewa ta fesa wa turare in ta ji zai zo.

Yanzu hasken rana ya sauka a kan komai, babu inda ya bari. Bangon ya yi baƙi da funfuna daga sama har tsayin kafaɗa. Katifar gadon ta ruɓe ta tsakiya, an rufe wurin da tsohon zane. Littattafan Inna na koyarwa sun kumbura sun manne da juna a cikin kwali. A lungu ɗaya, tsakanin kabad da bango, inda nan ne kaɗai siminti ya bushe, akwai 'yar tabarma a shimfiɗe da bargo a naɗe, wurin bai fi a kwanta a takure ba.

"Wane ne ke kwana a nan?" ya tambaya.

Auta ta ɗago daga kwalin da take ɗaurewa. "Duk ranar da aka yi ruwa, nan take komawa. Ni ma ban sani ba sai bara."

"Me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Ya shiga, ya durƙusa, ya taɓa tabarmar da tafin hannu. Ya daɗe a haka, har kafinta ya leƙo daga sama ya ce a matsa, za a sauko da katako.

Da ya fito, ya je gaban Inna ya tsuguna a ƙasa da fararen kayansa.

"Tashi, za ka ɓata riga," in ji Inna. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ma da laifina, na iya ɓoyo."

Ya tashi ya fita ba sallama. Auta ta ɗauka fushi ya yi. Bayan la'asar sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida da bandir-bandir na kwano da katako, wanda zai ishi sauran ɗakunan. Yaya na gaba kusa da direba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙofa, ya kama gefen kwano tare da ma'aikata. A ɗauka ta biyu kwanon ya yanke shi a yatsa.

"Ka ga aikin masu biro," in ji kafinta daga sama. "Malama, ɗanki ya ji ciwo."

"Bar shi," ta ce. "Auta, ba shi ƙyalle."

Maganar dillali kuwa, ba wanda ya sake tayar da ita ranar. Auta ta san ba ta mutu ba, ta dai kwanta ne.

* * *

Kwana shida aka yi ana aiki. A rana ta shida da yamma, bayan an buga ƙusa ta ƙarshe, Inna ta ce a fitar da ita titi, tana so ta gani daga waje. Yaya ya riƙe ta a hannu ɗaya, Auta ta bar wata mai kawo ɗinki a ɗakin gaba ta riƙe ɗayan. Suka tsallaka kwata a hankali suka juyo.

Kwanon yana ɗaukar ido, rana ta faɗa a kansa har sai da Inna ta kare fuska da hannu.

"Malama, kin yi sabon ɗankwali!"

Maƙwabcinta ne na tsallaken titi, tsohon direban babbar mota da ƙafa ta daina yi masa aiki, yana zaune a kan benci a ƙofar gidansa. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Saura kai, Direba."

"Na gaya wa 'ya'yana," ya ce. "Sun ce in bari sai bayan damina."

Yaya ya ɗaga kai ya dubi rufin tsohon. Tsofaffin tayoyi huɗu da duwatsu ne suka danne kwanon, gefe ɗaya ya ɗage yana motsi ko da iska kaɗan.

"To, kafin bayan daminar ta zo," in ji Inna, "in ka ga hadari, ka sa a tsallako da kai. Falona ya ishe mu, sai dai ka zo da labari, ban son baƙo mai shiru."

Tsohon ya yi murmushi, ya ce ya gode. Suka juya za su koma ciki. A bakin ƙofa Yaya ya sake waiwayawa. Direba ya jingina da bango, sandarsa a kan cinya, ya ɗaga kai yana duban gabas.