Motar da Ke Wuni a Bayan Shagon Wanki

Malam Uwaisu yana da aibi ɗaya ɗan ƙarami, irin wanda mu magidanta da yawa muke fama da shi: ko gidansa ke ci da wuta, in aka ce masa yaya gida, zai ce lafiya lau. Wannan aibin ne ya tsayar da shi a ƙaramar kotun da ke tsakiyar birnin Greensboro na Amurka, da babbar rigarsa ta Juma'a, gumi na bin wuyansa duk da sanyin ɗakin.

Can gefe dillalin da ya sayar masa da motar ne, wani jibgegen Bature mai fara'a. A bencin baya kuma matarsa Khairiyya, wadda adashinta na shekara biyu ya koma mota. Kuɗin nan ya zo karɓo mata.

Majistaren ta gyara tabarau. "Yaushe motar ta fara ba ka matsala?"

Ya yi rantsuwa ɗazu, ba damar kwana-kwana. "A satin farko, ranki ya daɗe. Giya ba ta shiga, inji yana zafi."

"Garantin wata guda aka ba ka. Me ya hana ka mayar da ita?"

Me ya hana? Ranar da ya kawo motar unguwarsu ta Glenwood, Khairiyya ta ce ya bari yayanta Hudu, da yake makaniki ne, ya duba tukuna. Uwaisu ya ce shi da ya yi shekara goma yana tuƙi tsakanin Kano da Zariya ba ya buƙatar malami. Aka yi waina, ɗalibai 'yan gida suka zo suka shafa fatiha a kan bonet, aka tura hotuna har gida Gwarzo. To bayan wannan, ya kai mota gyara ta kwana bakwai, ƙofar gida ta zauna fayau kowa ya gani?

Sai ya samo dabara. Kullum da safe ya lallaɓa ta ya sha kwana, ya ajiye ta a bayan shagon wanki na layin gaba, ya hau bas zuwa wurin aiki. Da yamma ya ɗauko ta, ya iso gida har da ɗan hon.

Duk wannan sai da ya faɗa, da Turanci, a gaban Khairiyya. Bai waiwaya ba. Ƙeyarsa dai ta yi zafi.

Dillalin ya miƙe cikin ladabi. "Ni da kaina na kira shi sau biyu a cikin watan. Na ce yaya mota. Ya ce komai lafiya, har ya gode mini, ya ce in gaida iyali."

"Haka aka yi?" in ji majistaren.

"Gaisuwa ce, ranki ya daɗe. Mutum ya kira ka, ai ba ka fara masa da kuka ba."

Ta dube shi, ba da mugunta ba, abin da ya fi masa ciwo ke nan. Ta ce garanti ya ƙare kafin ya kai ƙorafi, kuma da bakinsa ya shaida. Ta kori ƙarar. A bakin ƙofa dillalin ya ba shi hannu, Uwaisu ya karɓa, har ya ji bakinsa yana cewa ba komai.

Suka gangara titin Elm zuwa tashar bas, ana yayyafi. Ita a gaba, shi a baya yana tattare riga. Motar tana gida, ta mutu murus tun watan jiya, ganye ya fara taruwa a kanta.

"Maman Hafsa," ya ce, "ki yi haƙuri. Kin ji abin da ban so ki ji ba."

"Wanne a ciki?"

"Zancen bas ɗin nan. Da ɓoye motar."

"Baban Hafsa, ai tun satin farko na sani."

Ya tsaya cak. "Kin sani? Kika yi shiru? Da kin yi magana ai da an mayar da ita!"

"In ce maka me? Mutum ya shigo yana hon, yana kaɗa makulli, in ce masa na gan shi? Na ce bari in rufa maka asiri, in ka shirya ka faɗa da kanka. Kullum sai na ce maka yaya mota."

"Na ce me?"

Ta ciro katin bas guda biyu daga jaka, ta miƙa masa ɗaya.

A shagon nan da yake ɓoye motar a bayansa Khairiyya take wanki, duk ranar Talata da hantsi.