Mai Talla Nake Nema

Kafinta mutum ne mai magana ɗaya, kuma duk layin an san wadda ya fi ji da ita: 'yarsa ba za ta yi talla ba. Shi ya ga yadda yayarsa ta ƙare ƙuruciyarta da faranti a ka, don haka ranar da aka haifa masa 'yar fari ya rantse a gaban kowa. 'Ya'ya mata huɗu Allah ya ba shi, da zarto da guduma ya yi musu makaranta ɗaya bayan ɗaya. Ko ruwan sanyi babu wadda ta taɓa ɗauka ta zaga da shi.

Da Auta, ƙaramarsu, ta sami aiki a kamfanin kebul, masu ja wa mutane wayar talabijin da intanet, sai bakin Kafinta ya ƙi rufuwa. Wanda ya zo sayen kujera sai ya sha labarin ofis, wanda ya zo aron ƙusa ma bai tsira ba. Bene hawa uku ne, in ji shi, ga sanyin na'ura har sai haƙoranka sun kaɗa. Bai taɓa shiga ba, amma wa zai ƙaryata shi?

Maƙwabcinsa Mai Walda ne ya yi masa ƙafar ungulu. Kwanon rufi ɗaya ne ya raba shagunansu, shekara ashirin suna tsokanar juna. Rannan Kafinta ya miƙa masa katin aikin Auta don ya gani ya ƙyasa. Mutumin ya ɗage tabaron walda, ya karanta a hankali, sai ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. A ƙarƙashin sunanta an rubuta Sashen Talla.

"Ashe duk wahalar nan faranti kawai aka canza mata," in ji shi.

Kafinta bai bari ta ajiye jaka ba da ta dawo. Auta ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla: masu shaguna da kamfanoni take samu, ta haɗa musu intanet da layin waya, wanda yake son a san da shi kuma ta sayar masa da lokaci a tashoshinsu a nuna hajarsa. Ya tambaye ta ko ƙofa-ƙofa take bi. Ta ce e, haka aikin yake.

"Talla talla ne, ko a faranti ko a jaka," ya ce, ya tashi ya bar mata tabarmar.

Matarsa ta yi lallashi har ta gaji. Wata uku yana amsa gaisuwar Auta, amma "ya aiki" ta ƙi fitowa daga bakinsa. Abin yana cin sa, don yana son yarinyar nan kamar ransa. To, amma taurin kai gado ne a gidansu.

Ana nan sai kamfanin ya jawo waya har layinsu, kuma Auta aka turo. Ta shiga wajen mai magani, ta shiga wajen tela, ta durƙusa a ƙofar ubanta ta gaishe shi, sannan ta wuce shagon Mai Walda. Kafinta ya kashe injin yankan katako, wai zai wasa kurfinsa na sassaƙa. Wasa kurfin me? Kunne ya manna wa kwanon.

Mai Walda, don burga, intanet mafi girma ya ce a ba shi. Ta tambaye shi mutum nawa ne za su yi amfani da shi. Shi kaɗai. Ta ce to ƙaramin ya ishe shi, abin da ya fi bukata layi ne da masu gini za su kira su same shi. Daga nan aka zo kan tallan daƙiƙa talatin, ya ce a shelanta wa duniya ƙofofinsa ba sa tsatsa har abada.

"Kawu, ƙofar da ka yi mana ta fara tsatsa a damina ta biyu," Auta ta ce. "Zan sa a ce ɓarawo ba ya karya ƙofarka, don wannan na shaida. Amma ba zan shafa fenti a kan katakon da gara ta ci ba. A gidanmu ba a yi."

Mai Walda ya yi ta bambami, ya ce akwai wasu kamfanonin. Ta ce akwai kuwa, har ta kwatanta masa ofishinsu. Can sai Kafinta ya ji mutumin yana tambayar inda zai sa hannu.

Maganar fentin nan tasa ce. Ita yake faɗa wa masu son ya rufa musu ruɓaɓɓen katako, tun Auta tana 'yar mitsitsiya tana wasa a cikin garin zarto, kuma bai taɓa zaton tana ji ba. Kunya ta kama shi, alfahari kuma ya zo ya danne ta. Ranar dai bai ƙara yanka ko falanki ɗaya ba.

Washegari ya saka rigarsa ta fita kunya, ya tafi kamfanin. Benen hawa biyu ne ashe, amma wannan tsakaninsa da Allah. Zauren cike yake da 'yan kasuwa suna jiran layi. Matar da ke kan tebur ta tambaye shi ko gyara ya kawo shi, ko kuwa sabon haɗi yake so. Ta bayan gilashi ya hango Auta ta ɗago kai, biro ya tsaya a hannunta.

Kafinta ya gyara murya yadda na ƙarshen layi ma zai ji.

"Mai talla nake nema," ya ce. "'Yata ce. Ina da kujeru da nake so ta faɗi gaskiya a kansu."