Keken da Ya Ƙi Gwanaye

Bayan sojoji sun koma bariki da ɗan lokaci, masaƙar da Shekari yake yi wa walda a Kakuri ta sallame shi. Maimakon ya nemi aikin ƙofofi da tagogi kamar kowa, sai ya shige rumfarsa a Nasarawa ya ce shi keke zai ƙera, mai ƙafa uku da akwati a baya, wanda zai kai kaya lungunan da mota ba ta shiga. Shekari mutum ne mai kafiya, in ya sa abu a gaba ko abinci sai an yi masa faɗa yake ci.

Madam Nneka, mai shagon kayan keke, ta ce za ta zuba jari a yi su da yawa, amma sai ta ga keken yana tafiya da idonta. In ta fasa, Shekari ba shi da zaɓi sai ya sayar da injin waldarsa ya koma gida noman citta, kuma tsoron hakan ya hana shi sakat.

To, keken nan duk wanda ya hau, kwata ce masaukinsa. Lawal mai kai burodi, wanda yake sakin hannu a kan keke yana fito, ya gwada ya faɗa. Aka nemo wasu gwanayen, su ma haka. Shekari ya auna, ya yanke ƙarfe, ya sake haɗawa, har ya fara zargin idonsa.

Ranar da Madam ta zo, Lawal ya hau da addu'a. Yana isa kwana ya karkata jikinsa yadda ya saba, keken ya yi biris da shi ya miƙe, sai ji kake facal.

Shekari ya sunkuyar da kai. Ita kuwa Madam ko a jikinta, sai zagaya keken take yi tana leƙawa.

"Oga Shekari, me ya sa Lawal yake kwantawa gefe in zai juya? Ba ga hannun keken a gabansa ba?"

"Ai haka ake tuƙa keke, Madam."

"Kawo in ɗana."

"Kin iya kuwa?"

"Ina fa. Sayarwa kawai nake yi, ban taɓa hawa ba."

Ta tattare zaninta ta zauna daram kamar a kan kujerar coci. Ta taka feda. Da ta zo kwana, ba ta san wani karkata jiki ba, hannun keken kawai ta murɗa, keken ya bi ta salin-alin. Ta je har bakin titi ta dawo tana dariya.

Shekari ya yi tsaye baki buɗe. Ashe keken lafiyarsa ƙalau, jikin gwanayen ne ya riga ya haddace tuƙin mai ƙafa biyu. Daɗi da takaici suka haɗe masa, ya tuna ƙarfen kirki da ya yi ta yankawa a banza.

"Matan kasuwa za mu sayar wa, irina, waɗanda ba su taɓa hawa ba," in ji Madam tana kaɗe zani. "Amma ka sauke ƙarfen nan na tsakiya, ya kusa yaga mini zani. Litinin ka zo shago mu je sayen ƙarfe."