Karnukan da Ba Sa Haushi

"Karnukan nan ƙarya suke yi," na ce, na cire abin sauraron daga kunnena na ajiye shi kusa da kwanon miyar molokiya.

Ranar Juma'a ce, bayan mun ci abincin rana. 'Yata Basant ta ture faranti gefe ta buɗe kwamfutarta a kan tebur, abin da uwarta Afaf take hanawa tun yarinyar tana sakandare, ba ta kuma taɓa yin nasara ba. Basant tana aiki a wani ƙaramin kamfanin wasannin kwamfuta a nan Iskandariyya ta Masar, su tara a hawa na huɗu. Aikinta sauti ne: ƙarar ƙofa, takun ƙafa, ɗigar ruwa. Shekara biyar ta yi tana karatun injiniya, ta fito tana murƙushe ganyen kabeji a gaban makirfo don a ji kamar ƙashi ya karye.

A wasan da suke haɗawa, mutum yana shiga wata tsohuwar cibiyar gwajin magani yana neman hanyar fita. A ƙarƙashin ginin akwai wani dogon ɗaki, kejina dama da hagu, karnuka a ciki. Su ta ce in saurara. Haushi, kuka, gurnani, kamar ƙarshen duniya ya zo.

"Ƙarya kamar yaya, Baba? Mako uku na yi a kansu. Har gidan marayun karnuka na je na naɗo."

"Ai shi ya sa. Na gidan marayu kika naɗo. Na ɗakin gwaji ba sa haushi."

"Tarbiyya ake ba su?"

"Raf'at," in ji Afaf, "shayinka zai huce."

Da na sha shayin, da yanzu ba ni da labarin bayarwa.

Kafin in buɗe asibitin dabbobina a unguwar Kafr Abdu, inda matan manya suke kawo kyanwoyinsu a cikin kwando mai katifa, na yi shekara goma sha huɗu a wata cibiyar gwajin magani da ke bayan gari. Ba sai na kama suna ba. Ɗakin karnuka yana ƙarƙashin ƙasa, daidai ƙasan zauren da shugaba yake karɓar baƙi. Shugaban mutum ne mai taushin zuciya, ba ya iya jin kukan dabba yana shan kofi. Saboda haka duk karen da aka kawo, a ranar farko zan yi masa allurar barci, in buɗe bakinsa, in yanke jijiyar murya a maƙogwaronsa. Minti goma sha biyar. Ina da hannu mai kyau, kowa ya shaida.

"To daga nan sai su yi shiru?" Basant ta tambaya.

"Ina fa. Kare bai san an yanke masa komai ba. Yana haushinsa kamar kullum. Zai turje ƙafafu, ya miƙa wuya, ya buɗe baki. Iska ce kawai take fita."

"Yaya take fita?"

Sai na yi mata. Na turje hannuwa a kan tebur, na miƙa wuya, na fitar da shi daga can ƙasan ƙirji: hah, hah, hah. Kamar mai hura garwashin da ya riga ya mutu.

Afaf ta tattara faranti ta shige kicin, ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Basant ta sa hannu a jaka ta ɗauko makirfo.

Ina so in ce ban san abin da nake yi ba. Gaskiyar ita ce daɗi na ji. Rabon da yarinyar nan ta tambaye ni abin da wayarta ba za ta iya gaya mata ba, na manta. Na yi mata babban kare, na yi mata ƙarami, na yi mata wanda ya kwana uku da yanka maƙogwaron bai warke ba. Na yi mata wani ja mai rabin kunne da yake kaɗa mini wutsiya duk safiya, kafin yankan da bayansa, don shi ma bai san wanda ya yi masa ba.

Da muka gama ta ce, "Kare nawa, Baba?"

"Wa ya ƙirga?"

Na ƙirga. Amma ita ba ta sake tambaya ba.

* * *

Wasan ya fito a watan Maris. Mako biyu babu wanda ya kula da shi sai abokan masu shi. Daga nan wani saurayi a Kanada, wanda sana'arsa ita ce ya yi wasa mutane suna kallonsa, ya sauka ɗakin ƙasan nan. Karnuka talatin suka miƙe a kejinansu, suka miƙa wuya, suka buɗe baki. Hah, hah, hah. Yaron ya cire abin sauraronsa ya fashe da kuka a gaban mutum dubu arba'in.

Washegari duniya ta waye gari da tausayin karnuka.

Aka rabu gida biyu. Wasu suka ce azabtar da dabba ba abin wasa ba ne, ko da dabbar zane ce. Wasu suka ce ai wasannin nan kullum ana harbe mutane ɗari kafin a karya kumallo babu mai cewa uffan. Aka gayyato wani farfesan tarbiyya a talabijin, ya yi minti ashirin yana bayanin illar wasan ga ƙwaƙwalwar yara, ya ƙare da cewa shi bai gan shi ba. A abu ɗaya kawai ɓangarorin biyu suka haɗu: karnuka marasa murya ƙirƙira ce. Masu yabo suka ce hazaƙa, masu zagi suka ce sai mai ciwo a zuciya ne zai zauna ya ƙago irin wannan.

A ƙarshen wasan akwai jerin sunayen waɗanda suka yi aiki. Sauti: Basant Raf'at. Kwana biyu suka ishe su nemo hotonta, na ranar bikin kammala karatu, ni da Afaf a gefe an yanke mu. Aka rubuta mata abin da ya kamata a yi wa maƙogwaronta. Wasu da Turanci, wasu da Larabcin unguwarmu.

Ni kuwa tun ranar da na yi sautin nan ya ƙi komawa inda ya fito. Ina jin sa a birkin taragon lantarki na cikin gari. Ina jin sa in mai gyaran keke yana ba taya iska. Ranar nan a masallaci, tsohon da ke kusa da ni yana tasowa daga sujada, sai da na juya na dubi wuyansa.

Cibiyar tana nan, ban da fenti babu abin da ya canza. Mutumin da yake kawo mana karnukan titi a buhu ta ƙofar baya ya rasu, ɗansa ya gaje shi, ya ma sayi babur mai ƙafa uku. Motar haya lamba ɗaya ce take kai mutum can daga tsakiyar gari. Babu wanda ya hau ta don ya je ya duba.

* * *

Madam Shahira tana cikin manyan masu zuwa asibitina. Karenta Fustuƙ fari ne, ƙarami, yana da likitan haƙori da rigar sanyi huɗu. Ranar Talata ta kawo shi a yanke masa farce, ta tsaya a kaina da waya a hannu.

"Dakta, ka ji abin da waɗansu 'yan iska suka yi? A garin nan fa! Muna tara sunaye a hana sayar da wasan. Na ce da ƙawayena sunanka zai zo a sama, kai da ko allura za ka yi wa Fustuƙ sai ka ba shi haƙuri."

"Madam, ni ban san kan waɗannan wasannin ba."

"Wa ya sani? Sai an san abu ake ƙin sa? Ga wurin, sa sunanka. Kai likita ne, gaya mini tsakani da Allah, akwai ɗan Adam ɗin da zai yanke wa kare murya?"

Mata uku a ɗakin jira suka ɗago kai, kowace da kwandonta a cinya. Raf'at suna ne da ake samu a kowane layi, babu wadda ta haɗa ni da yarinyar da ke hoton.

"Duniya da faɗi, Madam," na ce.

Na karɓi wayar. Na rubuta sunana, har da Dakta a gaba. Ni ne na dubu sittin da ɗaya da ɗari biyu da bakwai. Fustuƙ ya lashe mini hannu.

* * *

Ranar Alhamis da la'asar Basant ta same ni a baranda ina ba shukokin Afaf ruwa. Ta rame. Ta daina fita da waya, ta daina hawa tarago.

"Baba, Ustaz Wa'il ya kira ni ofis." Shi ne mai kamfanin, yaro ɗan shekara talatin da huɗu mai gemun da ake gyarawa da ma'auni. "Ya ce abu biyu ne. Ko in kawo shaidar cewa ana yin wannan abin da gaske, su tsaya a bayana. Ko in fito a bidiyo in ce ni na ƙago, in ba da haƙuri, in ajiye aiki. Zuwa Lahadi."

"Ai akwai shi a littattafai. Ki nemo."

"Na kai masa. Ya ce takarda ba ta kuka a bidiyo. Mutum suke so, mai fuska." Ta karɓe butar daga hannuna ta ajiye. "Minti ɗaya, Baba. Ka zauna ka ce, sunana wane, na yi wannan aikin shekara goma sha huɗu, muryar da kuka ji tawa ce. Shi ke nan. Ba sai ka faɗi sunan wurin ba."

"Kin san su waye suke zuwa asibitina?"

"Na sani."

"Mako ɗaya ba za a yi ba, ko ɓera ba za a kawo mini ba. Shekarata hamsin da bakwai, Basant. Ke kuwa yarinya ce, mutanen nan mantuwa gare su. Wata ɗaya za su sami wani su bi."

"Sunana fa? Duk kamfanin da ya rubuta shi, abin da zai fara fitowa ke nan."

"Sai ki yi amfani da na kakanki."

Ta dube ni, ta yi wata 'yar dariya marar sauti.

"Wallahi Baba ka iya magani."

Afaf tana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Shekara goma sha huɗu ta yi tana wanke rigunan aikina daban da sauran kaya, ba ta taɓa tambayar jinin mene ne ba.

"Raf'at, 'yarka ce fa."

"Na ce ba zan yi ba ne? Cewa na yi a bar ni in yi tunani."

Na yi tunani ranar Juma'a. Na yi ranar Asabar. Ni mutum ne mai zurfin tunani, ko a jami'a an san ni da haka. Ranar Lahadi da safe na ji Basant ta fita, ta ja ƙofa a hankali don kada ta tashe ni, alhali ta ga takalmana ba sa nan a bakin ƙofa, ina kicin a tsaye da su a ƙafa.

* * *

Kamfanin ya gyara wasan. An kwashe karnukan, an zuba wasu injuna masu jan ido a kejinan, waɗanda mutum zai iya farfasawa da guduma ya sami maki. Kowa ya yaba. Madam Shahira ta kawo mini kwalin kek ɗin basbusa ranar Litinin, ta ce nasararmu ce gaba ɗaya.

A ranar ne na cire wa Fustuƙ wani haƙori da ya ruɓe, don likitan haƙorinsa ya yi tafiya. Ya kwanta a kan tebur allurar barci tana sakinsa a hankali, uwar ɗakinsa tana jira a waje. Sai saƙo ya shigo wayata daga Afaf, babu ko kalma ɗaya, bidiyon ban haƙurin Basant kawai.

Kare mai farfaɗowa daga allura ba ya son ƙara, yana firgita shi. Na kashe sautin wayar kafin in buɗe.

Basant tana zaune a gaban farin bango, sanye da shuɗiyar rigar da ta sa ranar da ta je neman aikin. Ta dafa tebur da hannu biyu. Ta miƙa wuya kaɗan wajen kyamara, ta buɗe baki. Ina kallon jijiyoyin wuyanta suna tashi suna kwanciya, bakin yana buɗewa yana rufewa, minti ɗaya da daƙiƙa goma. Ya ƙare, ya koma farko da kansa, na bar shi.

Fustuƙ ya buɗe ido ɗaya. Ya gan ni, ya fara kaɗa wutsiya a kan teburin ƙarfe.

"Dakta?" Madam Shahira ta ƙwanƙwasa ƙofa. "Lafiya dai? Na ji shiru."

"Lafiya lau, Madam," na ce. "Haka ake so."